Yayana da Kyankyasan Gidan Burodi

Yayana mai feshi ne. In ka kira shi mai kashe ƙwari sai ya ɓata rai, wai kisa aikin mahauta ne, shi feshi kawai yake yi, abin da ya biyo baya tsakanin ƙwaro ne da ajalinsa. Tun ina 'yar makaranta nake ganinsa da tanki a baya, bututu a hannu, ƙyalle ɗaure a hanci, ga takalmin roba har gwiwa ko da rana na narka kwalta. Yanzu furfura ta cinye masa kai, ni ma tawa ta fara leƙowa, amma tankin nan dai shi ne, an yi masa faci ya fi a ƙirga.

Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tela ce ni, kuma tun da maigidana ya rasu nake zaune a ɗakin bayan gidan Yaya, ni da kekena. Saboda haka in na faɗi halinsa, ba ji na yi ba, gani na yi, na kuma sha wahalarsa.

Asali soja ya so zama. Ya je aka auna shi, aka ce tsayinsa bai kai ba, ya dawo gida ya ƙi cin abinci, yana cewa ma'aunin ne ya karkace. Wannan hali ku riƙe shi, don bai taɓa barinsa ba: in abu ya lalace, to wani ne ya karkata ma'auni. Da soja ta ƙi, sai ya mayar da yaƙinsa kan kyankyasai da kuɗin cizo da gara. Har yau in zai fita aiki ba ya cewa zai je gidan wane, sai ya ce zai kai farmaki.

Wanda ya sa shi a wannan hanya amininsa ne, Mai Kanti. Lokacin su biyun samari ne, Mai Kanti yana da ɗan tebur a bakin titi yana sayar da maganin ɓera da na ƙwari. Shi ya ɗora wa Yaya tankin farko a baya, ya ɗaure masa igiyoyin, ya ce je ka gwada. Teburin ya zama kanti mai ƙofar gilashi, Yaya ya zama mai feshin da kowa ke nema, kuma a shekara talatin da wani abu ba a yi yammar da ba a gan su tare a kan bencin ƙofar kantin ba. Mai Kanti dogo ne, maganarsa sai an ja ta da igiya. Yaya gajere ne, kuma shiru ciwo ne a wurinsa. Ɗaya ya yi ta zuba, ɗaya ya yi ta gyaɗa kai, shayi yana hucewa a tsakaninsu. Matar Yaya takan ce da a ce Mai Kanti mace ne da tuni ta tattara kayanta.

Dokokin aikin Yaya biyu ne, kuma ya fi riƙe su da ƙarfi fiye da sunayen jikokinsa. Ta farko, magani ɗaya yake fesawa, wani da ke zuwa a cikin gora mai launin kore, shi ya sa kowa ke ce masa Koren Gora. Da shi ya fara, da shi zai ƙare. Ko Mai Kanti ya ce masa ga wani sabo ya shigo, sai ya ce shi ba ya cin amanar abin da ya rufa masa asiri. Ta biyu, ba ya bin wanda ya tsira. In ya gama feshi yakan jira kaɗan, ya share gawarwakin ya tara su tsibi guda a tsakar ɗaki, ya kira mai gida ya ce, "Zo ka shaida." In kuwa aka ga wani kyankyaso yana tangaɗi yana neman rami, aka ce masa ga wani can, sai ya ɗaga hannu.

"Ƙyale shi. Wanda ya tsallake feshina kwanansa ne bai ƙare ba. Ni ba na bin mai gudu."

Yana faɗin haka yana buɗe ƙirji, mutane suna cewa kai, mai feshin nan akwai imani.

A duk wuraren da yake aiki babu wanda ya kai gidan burodi daraja a wurinsa. Nan ya fara samun aiki na dindindin, duk wata sai ya je, tun zamanin uban Mai Burodi na yanzu. Wuri ne mai ɗumi, ga tanda ba ta mutuwa, ga buhunan fulawa jere, ga ruwa yana ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke faranti. In da kyankyaso zai zaɓi inda zai yi ritaya, nan zai zaɓa. A da, in Yaya ya yi feshi a can, tsibin gawa har shebur ake sa masa. Sannu a hankali tsibin ya fara raguwa. Yaya ya ce ai alamar nasara ce, abokan gaba sun ƙare. Ma'aikatan da ke ɗaga buhu kullum sun san ba su ƙare ba, amma wa zai faɗa masa?

Ranar da abin ya fashe, Mai Burodi ne da kansa ya ja wani buhu, sai ga wani ƙaton kyankyaso a tsaye a fili. Yaya ya ce kowa ya matsa. Ya saita bututu, ya fesa masa a fuska har sai da ya jiƙe sharkaf. Kyankyason ya tsaya, ya goge gashin bakinsa da ƙafa ɗaya, ya goge ɗaya gefen, sannan ya juya ya tafi abinsa, ko sauri bai yi ba.

Wani mai kwaɓa fulawa ya fashe da dariya, sauran suka kama. Mai Burodi ya ce, "Baba mai feshi, turare kake fesa musu ne? Na ga wannan har gyara gashin baki ya yi." Sannan ya ƙara da cewa in wata mai zuwa haka abin yake, ya yi haƙuri, zai nemi wani.

Da Yaya ya biyo ta gida ya sha ruwa, da na tare shi. Bai biyo ba. Da tankin a bayansa ya wuce kanti, ya tarar da mutane cike, masu sayen maganin gona da na sauro, ya dangwarar da ragowar Koren Gora a kan kanta.

"Ruwa kake haɗawa a ciki!"

Waɗanda ke wurin sun ce Mai Kanti ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce, "Ni?"

"Kai ɗin fa. Shekara da shekaru ina saye a wurinka, ashe ruwan famfo kake sayar mini. Kowa ya ji, ku yi hattara da kayan kantin nan."

Ya ɗauki gorarsa ya fita. Magana zarar bunu ce, kuma wannan a gaban jama'a aka zare ta.

Daga ranar bencin ya zama na Mai Kanti shi kaɗai. Yaya kuma da yamma ta yi ba shi da wurin zuwa, sai ɗakina. Ya zauna a kan kujerar masu kawo ɗinki, ya ɗauki almakashina yana buɗewa yana rufewa, ya yi ta ba ni labarin cin amana tun daga farko. Na ɓata wuyan riga biyu saboda shi. Haushi nake ji, amma tsorona ya fi haushin yawa. Mutanen nan biyu sun tsufa. Na ga yadda irin wannan gaba take tafiya, wata ya zama shekara, daga nan sai a aiko cewa wane ya rasu, a bar mai rai da abin da bai faɗa ba. Matarsa ta yi magana ya ce ba ruwanta. Ni na yi, ya ce in tsaya a kan allura da zare. Ya ce duk mai cewa ya yi kuskure ya kawo hujja a hannu.

Hujjar kuwa sai ga ta ta zo hutun ƙarshen mako da jakarta. Autarsa ce, malamar kimiyyar halittu a makarantar sakandare, ita kaɗai ce a cikin 'ya'yansa ta gado bakinsa, shi ya sa ita kaɗai yake shakka. Ta saurari labarin har ƙarshe tana cin gyaɗa, ba ta katse shi ba.

"Baba, in ruwa ne a gorar nan, ba zai kashe kowane kyankyaso ba, ko ba haka ba? Ko na gidan burodi, ko na wani wuri."

"Ruwa ai ruwa ne."

"To mu samo na inda ba a taɓa yin feshi ba, mu haɗa da na gidan burodi, mu fesa musu daga gora ɗaya. In duka suka rayu, ni da kaina zan raka ka mu ƙara yi wa Baba Mai Kanti tas."

Wannan alkawarin ya yi masa daɗi. A bayan tashar mota akwai wani tsohon sito na katako da aka rufe tun ba yau ba, ba wanda ya taɓa shiga da tanki. Washegari Yaya ya aika aka kamo masa ɗaya daga can, ɗaya daga gidan burodi, ya sa su a kwano biyu, ya ɗan fesa. Na gidan burodi ko gezau. Na siton ya kwanta a bayansa yana harba ƙafa, can sai ya juyo ya miƙe. Yaya ya tashi ya taka rawa a tsakar gida da takalmin roba.

"Kin gani? Ruwa! Sa mayafinki mu tafi."

Auta ko motsi ba ta yi ba. "Ɗaya ba shaida ba ne, Baba. Wataƙila ka dace da mai taurin rai ne, wataƙila feshin bai same shi sosai ba. In aka zo auna tsayin mutanen gidan nan aka auna kai kaɗai, ai sai a rubuta cewa duk gajeru ne mu."

Na yi dariya har na soke yatsa. Yaya ya harare ni, ya tambaye ta nawa take so. Ta ce arba'in daga kowane wuri, da wasu 'yan kaɗan na daban da za a fesa wa ruwa zalla, don a tabbatar ba zaman kwano ne ke kashe su ba.

Nan aka shiga abin da ban taɓa zaton zan gani ba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kashe kyankyasai yana neman su da rai. Auta ta nuna mana dabara. A sa guntun burodi a kwalba mai faɗin baki, a shafa man shafawa a cikin bakin ta yadda in sun shiga santsi zai hana su fita, a jingina ta a lungu a dawo washegari. Mai Burodi da ya ji abin da ake nema ya ce a kwashe duka, kyauta, har da buhun zubawa.

Sito kuwa ni na raka shi, ina riƙe da tocila, don ko da rana duhu ne a ciki. Muna tsugune yana ɗaga kwalba, sai wani ya taso daga saman katako, firrr, ya sauka a wuyan rigarsa. Jama'a, ashe Yayana tsoron kyankyaso yake in yana tashi sama. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya cire rigar ya jefar, ya yi waje da singileti, ya bar ni da tocila da kwalabe. Da na fito na same shi a jikin bango yana haki.

"Ba gudu na yi ba," ya ce. "Iska na fito sha. Kuma ba sai kin gaya wa kowa ba."

Na ce masa to. Ga shi yanzu ina gaya muku.

Da aka tara su, Auta ta ƙara fito da wata doka. Ta ce ni zan zuba su a robobi biyu iri ɗaya, in yi alama a ƙarƙashi da allin ɗinki, kada in gaya wa kowa wacce ce wacce, ko ita.

"Don me?" in ji Yaya.

"Don in ka san waɗanne ne na sito, hannunka zai yi sauƙi a kansu."

"Ni kike zargi da maguɗi? Ni da na haife ki?"

"Ba da gangan ba, Baba. Hannu yana bin abin da zuciya ke so. Ni ma shi ya sa ba na son in sani."

Ya yi ta ƙunƙuni, wai yau ya ga ranar boko, amma ya bi. Shi ya auna maganin daga gorar nan da ya yi faɗa a kanta, shi ya haɗa, shi ya fesa wa kowace roba daidai wa daida, Auta tana tsaye a kansa. Aka rufe da raga, aka ajiye su a inuwa. Matarsa ta ce in ɗaya ya kuɓuce ya shiga kicin ɗinta, da mu da kimiyyar duk a waje za mu kwana.

Da gari ya waye muka buɗe. Waɗanda aka fesa wa ruwa suna nan garau, har sun cinye burodinsu. Roba ta farko kuwa an yi ɓarna, talatin da shida sun mutu, huɗu ne kawai ke motsi. A ta biyu tara ne suka mutu, sauran talatin da ɗaya suna ta kai da komo kamar ranar kasuwa. Auta ta ce, "Gwaggo, ɗaga mana." Na ɗaga robar farko. Alamar sito ce.

Yaya ya leƙa ƙarƙashin robar da kansa, ya goga allin da yatsa ko zai sake. Maganin da ya ce ruwa ne ya kashe kusan duk na sito. Ni kuwa na san ma'auni yake nema wanda zai ce ya karkace. Can ya samu.

"Dace ne. Ke da bakinki kika ce ana dacewa. Raunana ne suka taru a roba ɗaya, shi ke nan."

Na zaci Auta za ta yi fushi, sai na ga tana murmushi. Ta ce tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ainihin tambayar da ake yi a irin wannan gwaji. Ta shiga ɗakina ta ɗauko gwangwanin maɓallaina ba tare da ta tambaye ni ba, ta ƙirga baƙaƙe arba'in da biyar, farare talatin da biyar.

"Baƙaƙen nan su ne waɗanda suka mutu gaba ɗaya, fararen su ne masu rai. In maganarka gaskiya ce, wato babu bambanci tsakanin na sito da na gidan burodi, to mutuwa ta faɗa ne kawai inda ta faɗa. Ga gwangwani. Girgiza, ka rufe ido, ka raba su gida biyu, arba'in arba'in. In dace zai iya tara baƙi talatin da shida a gefe guda, sai mu gani."

Ya karɓa da ƙarfin gwiwa. Ya girgiza, ya raba, aka ƙirga, ashirin da biyu. Ya sake, ashirin da huɗu. Ya sake, ashirin da ɗaya. Ya ce gwangwanin ne ya yi ƙanƙanta, aka kawo kwano. Ya ce hannun dama ne, ya koma hagu. Na koma kan kekena, amma duk yinin ranar abin da nake ji ke nan, kacau kacau, sai ƙirga, sai tsaki. An kira shi cin abinci ya ce a rufe. Sau ɗaya ya samu ashirin da takwas, ya ƙwala ihu har maƙwabta suka leƙo, Auta ta tuna masa saura takwas. Ta lissafa masa a wayarta ta ce irin wannan tazarar, in dace ne kawai, ba ta kai sau ɗaya a cikin miliyan ba, yana iya girgizawa har jikokinsa su gaje shi. Duk da haka sai da rana ta yi sanyi sannan ya ajiye kwanon. Maɓallaina uku suka ɓace a wannan hidima, har yau ban gan su ba.

"To," ya ce a hankali, "ke nan sun saba da shi."

"Ba sabawa ba ne, Baba. Wanda ka fesa wa ba ya koyon komai, ko ya mutu ko ya rayu. Tun farko ba iri ɗaya suke ba. Dubi 'ya'yanka, wani dogo, wani gajere, wani in ana mura shi ne na farko, wani ko atishawa ba ya yi. Su ma haka. A cikin dubu akwai 'yan kaɗan da aka haifa jikinsu yana iya jure maganin nan, kuma abin a jininsu yake, suna ba 'ya'yansu. Da ka yi feshin farko, wa ya mutu?"

"Raunana."

"Wa ya rage?"

Ya kalli roba ta biyu, Auta ta ci gaba.

"Waɗanda ka ce a ƙyale. Ka share musu abokan takara, ka bar musu ɗumi da fulawa, suka auri juna. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wata ya zagayo ka dawo da magani iri ɗaya, ka sake tace su, ka bar mafi tauri. Su kuma ba sa daɗewa kafin su hayayyafa. Shekara nawa kana haka? Da kana sauya magani, ana toshe ramuka, ana gyara famfon da ke ɗiga, da ba su kai nan ba."

Ni dai ban iya riƙe bakina ba. Na ce, "Yaya, ashe duk shekarun nan kiwo kake yi. Wasu na kiwon kaji, kai ka zaɓi irin da ba ya mutuwa."

Na jira ya yi mini tsawa, bai yi ba. Yana zaune a kan turmi yana kallon robar masu rai, kuma a lokacin ya ba ni tausayi ƙwarai, don na ga ya tsufa a yini ɗaya. Ba maganar gidan burodi ce ta dame shi ba, wannan Auta ta ce da sauyin magani da tsafta za a shawo kanta. Ya san abin da ya rage, mu ma mun sani.

Washegari ya wanke tanki. Ya wanke takalmi. Ya gyara ƙofar banɗaki da ta shekara tana ƙara. Da na ga zai fara share kwata, na ce masa kantin ba ya matsowa, sai dai a je. Ya shiga ɗaki ya sa rigarsa mai kyau, ya kwashe talatin da ɗayan nan ya zuba a babbar kwalba, ya huda murfin, ya rungume ta. Na bi shi, don kada ya juya a hanya, kuma ba zan ɓoye muku ba, don ina son in gani.

Mai Kanti yana bayan kanta, da mutum biyu suna sayayya. Ya rame. Ya ɗago ya gan mu. Yaya ya ajiye kwalbar a gabansa, ya yi gyaran murya, mutumin da bai taɓa rasa magana ba ya tsaya yana neman ta.

"Mutumina, maganinka ba shi da laifi. Ga masu laifin nan. Su ma ba su ba ne, ni ne. Ni na rene su da hannuna."

Ya shiga bayani, yana haɗa sito da maɓallai da auren kyankyasai, ko ni da aka yi a gabana da ƙyar na gane. Yana cikin magana sai ya ɗaga kai yana neman Koren Gora don ya nuna, ya ga layin da yake zama babu komai, sai ƙura.

"Ina suke? Sun ƙare ne?"

"Suna ciki, a kwali," in ji Mai Kanti. "Tun ranar na sauke su."

"Don me?"

"Ka ce akwai ruwa a ciki. Ni na san ban zuba ba, to sai na ce masu kawo mini ne. Na kira su na yi musu faɗa, mun rabu. Duk wanda ya zo nema na ce masa kada ya saya, mai feshi ya ce ba shi da kyau." Ya kalli Yaya. "Ban taɓa jin ka faɗi abu a kan aikinka ya zama ba haka ba. Abin da ya yi mini ciwo kawai, da ka ce ni ne."

 Mutumin da Yaya ya tozarta a gaban jama'a ya yarda da maganarsa fiye da kayan kantinsa, shi kuwa ko tambaya bai tsaya ya yi masa ba. Sai na ga hawaye yana bin fuskarsa yana sauka a kan rigar mai kyau, bai ko share ba. Ni ma na juya ina duba maganin sauro da ba ni da niyyar saye.

Mai Kanti ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya tura kwalbar da ɗan yatsa zuwa bakin kanta.

"Fitar mini da 'ya'yanka waje tukuna. Ka dawo ka riƙe mini tsani."

Yaya ya miƙa mini kwalbar, ni aka bari da riƙon 'ya'yan nasa a bakin ƙofa. Daga nan nake hango su, dogon yana sama yana jera gorunan, gajeren yana ƙasa ya rungume tsani da hannu biyu. Duk wanda ya shigo, ko ashana ya zo tambaya, sai Yaya ya tsayar da shi ya ce masa maganin nan lafiyarsa ƙalau, shi ne ya yi wa mai kantin ƙazafi, kuma ya roƙe shi ya gaya wa na waje.